Matar da ta nemi ɗanta a taron naɗin Sarkin Ingila

Da aka dawo daga maƙabarta, falon Habboba a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira bai ɗauke mu ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har kan matakala. Matan Sudan suna ciki, mu matan ɗalibai 'yan Najeriya muna bakin ƙofa, maza kuma suna ƙasa a kan kujerun da aka aro daga wurin mai shayi. An yi kuka, an yi addu'a, sai aka shiga abin da aka saba, kowa ya faɗi alherin mamaciya. A nan aka samu cikas, domin duk wanda ya buɗe baki zai yabe ta sai ya tarar labarin da yake da shi na ranar da ta zarge shi ne.

Mai kawo tukunyar gas ya hau har sama ya yi gaisuwa, ya ce bai taɓa kawo mata tukunya ba sai ta girgiza ta, ta kara kunne, sannan ta dube shi sama da ƙasa. Maƙwabciyarmu 'yar Misra ta ce ta taɓa ba ta maganin ciwon kai, Habboba ta ce ta fara haɗiyar ɗaya a gabanta. Wani ɗalibi mai ja mana salla ya ce ta tsare shi a matakala ta sa shi karanta Tabaraka da ka, don ta ga ko rawanin na gaske ne. Aka yi ta dariya ana share hawaye. Babbar 'yarta, wadda muke kira Yaya, ta ce, "Ma'alish jama'a, ku yafe mata. Wallahi ni da ta haifa ma ban tsira ba."

Ban ce komai ba a ranar, don in na fara ba zan tsaya ba. Amma ba na son abin da za a riƙe na Habboba ya zama girgiza tukunyar gas kawai. Zarginta yana da tushe, kuma akwai wanda ya fi kowa shan wuyarsa, wato autanta da ke Ingila.

Ƙofarmu tana kallon tasu. Ni Bakatsiniya ce, na biyo maigidana da ke karatu a Alƙahira. Su kuma Hausawan Sudan ne, yaƙi ya koro su daga Umdurman su uku: ita, da Yaya, da jikarta budurwa da yaƙin ya katse wa karatun jami'a. Habboba da Larabcin Sudan kaka ke nan, haka jikar take kiranta, haka duk gidan benen ya ɗauka. Ranar da na ji tsohuwa tana faɗa a matakala da Hausa irin ta kakata, sai na ji kamar an buɗe mini ƙofar gida. Na tuƙa tuwo da miyar kuka na kai. Ta karɓa ta yi godiya, ta yanki loma ta ajiye wa kyanwar matakala, ta zauna tana kallonta, ni kuma ina tsaye da murfin kwano a hannu. Sai da kyanwar ta lashe baki ta yi miƙa sannan ta ce, "Bismillah, zauna 'yata. Kada ki ji haushi, haka uwata ta yi wa Sarauniyar Ingila ma."

Na zauna, ta ba ni labari. Ubanta kuku ne a gidan wani Bature mai duba gonakin auduga a yankin Jazira na Sudan. Shekarar da aka naɗa Sarauniya, Baturen ya raba wa ma'aikatansa gwangwanin biskit mai hoton matar a murfi. Lokacin Habboba ba ta fara ɗaura zane ba. Suka kewaye gwangwanin ita da 'yan'uwanta, yawu yana zuba, uwar ta hana kowa taɓawa. Ta marmashe guda ɗaya ta watsa wa kaza, aka wuni ana bin kaza da ido. "Kazar ta rayu?" na tambaya. Ta ce, "Ta rayu. Amma ba ki ga an jira ba?" Gwangwanin ya koma gidan allura da zare, ya kuma bi ta har ɗakin aurenta.

Habboba ba ta san shekarar haihuwarta ba, ba ta kuma riƙe kalanda, ta Hijira ko ta Bature. Da Ingilishi take lissafi, haka take kiran Turawan Ingila. In ka tambaye ta yaushe abu kaza ya faru, sai ta ce shekarar da suka yi kaza. Wasu ɗalibai sun ɗauka sha'awarsu take yi, har suna ƙus-ƙus cewa 'yar kukun Nasara ce, dole. Sun yi kuskure. Sa musu ido take yi, kamar yadda ake sa wa maƙwabcin da akuyarsa ta saba shigo maka gona.

Ta ce mini, "Kakana ya bar ƙasar Sakkwato da ƙafa saboda su. Ya yi gabas, ya binne mutane a hanya, ya iso bakin kogin Nilu, sai ga su a zaune suna shan shayi. Sun riga shi. To mutanen da suka yi wa kakana haka, ni zan kawar da kai daga kansu?"

Shekarar da suka sauke tutarsu suka bar Sudan, gari yana ta biki, ita abin da ta tuna shi ne ubanta ya dawo gida da dutsen guga da kare, kyautar sallama ke nan, babu aiki kuma. A shekarar ta fara sanin tuwo gaya. Shekarar da ɗan Sarauniya ya yi aurensa na fari kuwa tana da tsohon cikin Auta. Matan unguwa suka taru a gidan mai talabijin suna ta mamakin tsawon rigar amarya, ita kuwa fuskar take kallo. Ta ce musu yarinyar nan sunkuyar da kan da take yi ba na kunya ba ne, auren nan ba zai je ko'ina ba. Wannan labari na ji shi ya fi a ƙirga, domin babu abin da Habboba take so kamar ranar da zarginta ya tabbata. A kwanakin ta haifi Auta. Shekarar da gimbiyar, wato amaryar nan, ta rasu a haɗarin mota tare da wani ɗan Misra, Habboba tana takabar mijinta, a rediyo ta ji. Wannan mutuwar ce ta haɗa ta ƙawance da maƙwabciyarmu 'yar Misra. Su zauna su biyu suna kaɗa kai, kowacce tana cewa akwai magana a ƙasa. Ni ban sani ba, su ma ba su sani ba, amma shayi yakan ƙare maganar ba ta ƙare ba.

To sai ga Auta ya ce can zai tafi. Tun kafin yaƙi ne, aikin kafintancinsa ya tsaya, abokansa sun bi ta Libiya sun haye teku. Yaya ta ce ba ta taɓa ganin faɗa irin na ranar ba. Habboba ta ce masa, "Kakana ya guje su da ƙafa, kai za ka bi su da kwale-kwale?" Ta ce ba da yawunta ba. Ya ɗauki jaka ya fita, ba ta sa masa albarka ba, shi ma bai waiwayo ba. Ya daɗe a hanya, ya isa Ingila a kwanakin da Sarauniya ta rasu. Da aka gaya mata ta ce, "Ya sauka gidan mutane ranar makoki." Amma ta karɓi wayar, suka riƙa gaisawa sama-sama, maganar yafiya dai ba wanda ya taɓo ta.

Su Habboba ba su daɗe da zuwa Alƙahira ba aka naɗa sabon Sarki, ɗan Sarauniyar nan dai da Habboba ta kushe wa aure. A falona muka kalla. Habboba ta jawo kujera har gaban talabijin, ba ruwanta da keken zinariya ko hular sarauta, jama'ar bakin titi take bi fuska-fuska da ɗan yatsa. Duk lokacin da aka haska wani baƙin mutum sai ta ce, "Tsaya, tsaya!" kamar talabijin ɗin zai ji. Aka gama ba ta gan shi ba. Da yamma ya kira, ta ce, "Duk gari ya fito, kai kana ina?" Ya yi dariya ya ce shi a wani gari yake can arewa, nesa da Landan. Ta ce, "Uhm." Na san wannan uhm ɗin, irin wanda take yi wa mai gas ne.

Kafin in kai ga abin da ya lalata komai, bari in faɗi wani abu. Da na haihu, ba uwa ba ƙanwar uwa a ƙasar nan, Habboba ce ta tsaya mini. Ita ta riƙa tafasa ruwan wankan jego safe da yamma, ta nemo kanwa wurin 'yan Nijar ta dama mini kunu, ta hana ni saukar da ƙafa a kan tayil. Amma ranar da muka dawo daga asibiti sai da ta kwance jaririyar, ta duba kunnuwanta, ta kira maigidana ta duba nasa, sannan ta ce, "Tamam, taku ce." Haka alherinta yake, tare da bincike yake zuwa.

Abu biyu ne suka faru. Na farko, ƙanwarta da ta ƙi barin Umdurman ta rasu, Yaya ta ɓoye mata saboda hawan jini. Mu ma a gida haka ake yi wa tsofaffi, a ce ana jiran lokacin da ya dace. In ta tambaya sai a ce layin can ne ba ya shiga. Watanni suka wuce, sai wata baƙuwa ta shigo da "ya haƙuri" a bakinta. Habboba ba ta yi ihu ba. Ta jira baƙuwar ta tafi, ta dubi Yaya ta ce, "Sai kuma wa?" Yaya ta rantse babu kowa. Ta ce, "Ai wancan karon ma kin rantse layi ne."

Na biyun ranar Salla ne. Jikar ta so ta faranta mata. Hoton marigayi mijin Habboba guda ɗaya ne suka fito da shi daga Sudan, sai yarinyar ta sa shi a waya ta yi masa wannan dabarar ta zamani. Ga dattijo da farar jallabiya yana ƙifta ido, yana juyar da kai, yana murmushi, har leɓensa yana motsi da sallama. Mu duka muka yi ta kabbara muna miƙa wa juna. Habboba ta karɓa ta ƙura masa ido, ta daɗe, sannan ta kife wayar a kan tabarma. Ta ce, "Mutumin da aka fita da shi a makara ina gani. To, ashe haka ake yi." Ba wanda ya gane inda ta dosa sai da Auta ya kira don barka da Salla, ta ce a ɗauke mata wannan abin daga gabanta.

Daga ranar ta kafe kai da fata Auta ya mutu a teku, Yaya da jikar ne suke motsa mata hotonsa. An yi duk abin da za a yi. Ya faɗi sunan akuyar da suka yi kiwo, ya faɗi tabon da ke gwiwarsa, ta ce Yaya ta san waɗannan duka. Maigidana ya zauna ya yi mata bayanin bambancin hoton da aka motsa da kiran bidiyo, ta bar shi ya gama ta ce, "Kai ma ai kana cin tuwon gidan nan." Auta kuwa kullum a tsaye yake kira, gaban jar bas, ko lambu mai furanni, ko wani babban shago, da riga mai kyau, yana murmushi. Alhamdulillah, komai tamam, ba matsala. Har lokacin da aka yi tarzomar nan a Ingila, aka nuna mutane suna cinna wuta a ƙofar otal ɗin da ake ajiye 'yan gudun hijira, washegari sai ga shi da murmushinsa yana cewa shi bai ma ji labari ba. Habboba ta leƙa daga nesa ta ce, "Gari yana cin wuta, shi yana washe baki. Ku dai ku ji tsoron Allah."

Sai ta fara yi masa sadakar Juma'a. Ta soya ƙosai ta ba ni in kai ƙofar masallaci, ta ce ladan ya kai wa yaron nan. Na rasa yadda zan yi, in ƙi ta ce na shiga sahunsu, in kai kuma ina raba sadakar mamaci ga mutumin da muka gaisa jiya. Na riƙa kaiwa. Wani lokaci Auta yakan kira ni ta wayar maigidana ya ce, "Don Allah ki ce mata ni ne, ke tana jin maganarki." Takardunsa ba su fito ba, ba ya iya fita ƙasar. Abu ɗaya yake nema, ta yafe masa fitar da ya yi, ita kuma ta ce ba a neman gafara ta bakin na'ura. Tausayinsu su biyun ya hana ni sakat.

Da ciwon ya kwantar da ita, likita ya gaya wa Yaya gaskiya, Yaya ta gaya wa Auta. Wata la'asar ina gefen gadonta ina ba ta kunu ya kira. Yaya ta riƙe wayar. Yana tsaye gaban wani lambu, ya fara, "Ummi, ki yafe mini." Habboba ta juya wa wayar baya ta ce mini, "'Yata, gobe Juma'a, ki soya ƙosan yaron nan, ni ba zan iya ba."

Ya ce, "Wane ƙosai?"

Ba wanda ya taɓa gaya masa. Yaya ta faɗa masa ƙasa-ƙasa. Sai hoton ya fara rawa, yana tafiya da sauri, ya hau wani bene, ya buga ƙofa. Sannan ya fashe. Ban taɓa jin ɗa ya ɗaga wa uwa murya haka ba.

Ya ce, "Sadaka kike mini? To gara ki aiko mini da ƙosan, yunwa nake ji! Ga inda nake, kalla!" Ya juya wayar, wani ɗan tsukukun ɗaki, gadaje biyu, safa a rataye jikin taga. "An hana ni aiki, hannuna ya manta zarto. Abincinsu ba gishiri ba yaji. Rigar nan ma ta abokin ɗakina ce, aro nake in na tashi kiranki. Ranar wutar nan ina cikin otal irin wancan, mun tokare ƙofa da gado. Wanda muka hau kwale-kwale da shi ya nutse ina riƙe da hannunsa. Na yi shiru don kada jininki ya hau, ke kuma kin binne ni! Tun ina yaro haka kike, ba a taɓa yi miki daidai ba. Khalas, shi ke nan, na mutu ɗin!"

Yaya tana kuka tana laluben wurin kashewa. Habboba ta juyo a hankali ta ce, "Bar shi. Kawo nan." Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta kai ta dab da fuskarta. Ta ce, "Sake faɗa, abincin yaya yake?"

Ya ce, "Ba gishiri."

Ta ce, "Wannan bakin na san shi. Ɗana bai taɓa wuni bai yi ƙorafi ba, tun yana goye. Shi wancan mai tamam-tamam ɗin ban san ɗan waye ba." Sai hawaye, karon farko da na ga Habboba tana kuka. Shi ma yana yi. Ta ce, "Na yafe maka, duniya da lahira, Allah ya yi maka albarka. Amma ka cuce ni. A da na san inda kake, cikin kabari, ina maka addu'a ina barcina. Yanzu kuma ga sanyi, ga yunwa, ni ina nan."

Ba ta daɗe ba bayan wannan, amma kullum sai sun yi waya, kuma kullum sai sun yi faɗa. Ta sa Yaya ta koya masa tuƙa tuwo da garin da ake samu a can, ta ce ya nuna mata, ta ce ya yi gudaji. Shi kuma ya kawo ƙarar ruwan sama, da abokin ɗakinsa mai minshari, da ciwon haƙori. Sai ta gyara kwanciya tana saurare kamar mai jin waƙa.

Da hantsin ranar da ta cika, ta ce a kira mata shi. Yaya ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake, bai ɗauka ba. Daga baya muka ji ranar ce aka kira shi ganawa kan takardunsa, an sa su kashe waya. Yaya ta rikice tana ta dannawa, Habboba ta dafa mata hannu ta ce, "Ƙyale shi. Da hoton nan naku ne, da tuni ya ɗauka yana dariya. Yaro yana da rai, yana da uzurinsa." Ta nemi a juya ta gabas, ta yi shahada. Kafin azahar ta tafi.

Auta, na ji ka hana kanka barci kana tambayar ko ta tafi da fushin kiran da ba ka ɗauka ba, kuma ka ce Yaya lallashinka kawai take yi, ba ka yarda da ita ba. Ban yi mamaki ba, ɗan Habboba ne kai. To ni ba 'yar gidanku ba ce, kuma ina wurin, hannuna yana kan ƙafarta. Ba ta yi fushi ba. Murmushi ta yi, na gaske.

Allah ya jiƙan Habboba, ya yalwata mata makwanci, ya sada ta da mijinta da ƙanwarta ido da ido. Mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.